Kwarashi, Allura da Ribon: Shawarwari Tara ga Mai Aikin Hannu a Gida

A gidan da na tashi a nan Unguwar Rimi, kwanon abinci ba ya tsallaka ƙofa zuwa maƙwabta sai an rufe shi da tuma-ƙasa, kuma Goggona ce take saƙa su. Bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ta jawo tsohon gwangwanin madarar da take tara guntayen zare a ciki, kwarashi na shiga yana fita, ita kuwa tana ta hirarta ko kallon hannun ba ta yi. A wurinta na koya. Yanzu ina ganin 'yan mata da yawa sun dawo wa aikin, suna koyo a waya, abin kuma yana faranta mini rai. Sai dai bidiyo hannu kawai yake nuna miki. Ba zai gaya miki zaren da zai jure wankin gidanmu da ƙurar hunturu ba, balle abin da za ki ce idan an taya.

1. Ki sayi zaren aiki ɗaya a rana ɗaya. Idan kin shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da niyyar saƙa shawul ko rigar sanyi, ki ƙiyasta abin da aikin zai ci, ki ƙara ƙwaya ɗaya a kai. A jikin takardar da aka naɗe zaren akwai lambar launi, sau da yawa kuma akwai wata lambar da ke nuna rukunin da aka rina tare. Su biyun duka ki duba. Na taɓa saƙa jan shawul na suna, zare ya ƙare mini saura kwata, na koma na sayo mai lambar launi iri ɗaya. A cikin ɗaki ban ga komai ba. Ranar sunan, da aka fito da jaririya tsakar gida rana ta haska, sai ga shawul ya rabu biyu, sama ja wur, ƙasa ja mai duhu. Ba wanda ya ce mini uffan, amma na san an gani. Kafin ki fara kuma, ki yanki ɗan guntu ki jiƙa shi da ruwan sabulu, ki matse a farin ƙyalle. Idan ya zuba, kada ki haɗa shi da fari ko da wane irin kyau gare shi.

2. Ki san abin da ke hannunki. Galibin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da aka sarrafa a masana'anta. Wannan ba aibi ba ne: yana da sauƙin kuɗi, yana wankuwa, yana bushewa da wuri. Amma ba ya shiri da zafi. Ki ɗan kusantar da bakinsa ga ashana a waje: na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri, na auduga zai ci ya bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda. Don haka tuma-ƙasa, da abin ɗora tukunya, da abin sauke ta, dukansu da zaren auduga ake yin su. Na roba ki bar shi ga hula da safa da rigar sanyi, kuma kada dutsen guga ya hau kansa kai tsaye, domin in ya kwanta ba ya sake tashi. Kwarashi ma da lambarsa a jiki. Siririn zaren auduga yana son na milimita 2 ko ƙasa da haka, ulun jarirai kuwa wajen 3 zuwa 4. Idan saƙarki tana fitowa da tauri kamar faifai, ki koma wanda ya ɗara shi girma.

3. Ki fara da abin da za ki gama cikin kwana biyu. Ɗan murabba'i, ko marfin kofi, ko safar jariri. Wadda ta fara da babban bargo yawanci a ƙasan akwati yake ƙarewa, rabinsa a saƙe.

4. A ɗinkin hannu, ki kula da bayan aikin kamar yadda kike kula da gabansa. Goggo ba ta taɓa yaba ɗinki ba sai ta juya shi. Idan ta ga ƙulli da zare yana reto daga wannan fure zuwa wancan, sai ta miƙo miki reza kawai. Da farko ki wanke yadin, musamman na auduga, domin yana tsukewa a wankin fari, kuma in kin riga kin yi ɗinki a kai zai tattare. Ki yi zanenki da fensir mai sauƙi ko allin tela, ban da biro. Zaren ɗinki mai sheƙi da ake sayarwa a ƙananan ƙulli sili shida ne a haɗe. Ki raba, ki ɗauki biyu ko uku don aikin rigar matashi ko wuyan rigar yarinya. Tsawonsa kada ya wuce daga yatsunki zuwa gwiwar hannu, in ya fi haka zai yi ta sarƙewa yana dusashewa. Ƙarshen zare kuwa ki zura shi ta ƙarƙashin ɗinkin da ke baya sau uku, sannan ki yanke.

Wajen zane, ba sai kin je nesa ba. Ki ɗauko hular maigida ko ta Baba ki zauna da ita, ki ga yadda mai ɗinkin ya ƙirga gida-gida har ya zagayo ya haɗe ba tare da an ga mahaɗa ba. Ki duba aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, ki duba dagi a bangon gidajen gargajiya. Aikin babbar riga da can na maza ne, yawanci malamai da almajiransu, amma tun wajen shekarun 1970 matan birnin Zariya suka shiga shi daga cikin ɗakunansu, har a 1994 wasunsu suka haɗu a ƙungiyar masu ɗinki da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, suna ɗora waɗannan zane-zanen a kan rigunan matasai da shimfiɗun tebur. Zariya kuwa tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci daga nan. In kina da 'yar'uwa a cikin ganuwa, ki roƙe ta ta kai ki wurin masu yi, ki wuni kina kallo. Abin da idonki zai ɗauka a wunin nan ya fi na wata guda a waya.

5. Kada ki raina gwanjo da guntayen tela. Iyayenmu sun ga zamanin da yadi yake fitowa daga Kakuri, tsallaken kogi, tun da aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957. Ta rufe a 2002, sauran ma suka bi baya, yanzu mafi yawan abin da ke kasuwa daga waje yake zuwa, kuma auduga zalla ta yi tsada. A Kasuwar Barci ta Tudun Wada kina iya tsintar tsohon zanen gado na auduga mai kauri wanda ya fi sabon yadi karɓar allura. Rigar sanyi ta gwanjo ma ana warware ta: ki naɗe zaren a bayan kujera, ki ɗaure, ki jiƙa, ki shanya a inuwa, lanƙwasarsa za ta saki. Telan layinku kuma yana share guntayen shadda da atamfa kullum. Ki yi masa magana da mutunci, ki riƙa aika yaro ya kwaso miki.

6. Ribon yana zarewa daga inda aka yanke shi, saboda haka ki yanka shi a karkace, sannan ki gifta bakin kusa da harshen kyandir, ba cikin wutar ba, har ya ɗan narke ya rufe. Wannan ki yi shi da kanki, kada ki bar wa yara. Mai santsi da sheƙi ya fi kyau a fure da adon akwatunan lefe, mai gurza-gurza kuwa ya fi riƙe ɗauri, shi ya dace da kayan gashin 'yan makaranta. Gam na bindiga yana da sauri, amma zafin watan Maris da Afrilu yana sassauta shi. Duk abin da za a sa a jiki ko a wanke, ki ƙara masa ɗinki uku ko huɗu da allura a tsakiyar furen.

7. Kayan jariri ba a sa musu duwatsu, ko maɓalli mai sako-sako, ko doguwar igiya a wuya. Na san duwatsun suna ƙawata hula, na kuma san masu saye suna tambaya. Ki ƙi, ki faɗi dalili. Jariri duk abin da hannunsa ya kama baki yake kaiwa. Safa da safar hannu kuma ki juya cikinsu ki tabbatar babu silin zare da ya yi zobe, domin yana iya naɗe ɗan yatsa ya shaƙe shi uwar ba ta lura ba. Ki wanke kafin ki miƙa.

8. Ki bi kakar shekara, ki kuma tausaya wa idonki. Sanyi yana shigowa Kaduna wajen Nuwamba ya kai Fabrairu, to mai son sayar da kayan sanyi tun Agusta take kama kwarashi. Kayan Sallah kuwa a gama su kafin azumi ya raba, lokacin da girkin buɗa-baki ke cinye yammaci. Zare mai duhu da rana ake aikinsa. In wuta ta ɗauke da dare, ki ɗauki fari ko ki haƙura, kada ki ƙure ido a fitilar waya. Ki riƙa ɗaga kai kina duban nesa, ki miƙe yatsu. Da damina, mu da muke kusa da kogi mun san yadda danshi ke shiga ɗaki, don haka kada zare ya kwana a ƙasa ko a jikin bango. Bokitin roba mai murfi ya isa, ya kuma tsare ƙurar hunturu. Abin da aka saƙa a kwance ake shanya shi a kan tawul, in kin rataya shi zai zazzago. Idan matashi kike yi kuma kika samu audugar rimi, itacen da unguwarmu ke amsa sunansa, ki cire 'ya'yan tsaf, ki zuba ta a rigar ciki mai ƙarfi, ki kuma nisanta ta da wuta, don kamawa take yi nan take.

9. Ki sa wa lokacinki kuɗi. Nan ne na fi ganin ana cutar mata, kuma sau da yawa mu muke cutar kanmu. Mace za ta kwana biyar a kan shawul, sai a zo a ce, “Haba Anti, ai a gida kike zaune,” ita kuma kunya ta sa ta karɓi kuɗin zare kawai. Zaman gida ba ya mayar da aikinki kyauta. Ki samu ɗan littafi, ki rubuta kuɗin zare, da kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa da dawowa, da awannin da kika zauna. Ki yanke wa awa ɗaya farashin da ba za ki ji haushi ba, ki haɗa. Wanda ya ba da aiki ya fara ajiye abin da zai sayi kaya, ki kuma faɗa masa ranar da kika tabbata za ki gama, da ƙarin kwana biyu saboda baƙi da rashin lafiyar yara. In kyauta za ki yi wa ƙanwarki ko maƙwabciya, ki yi ta da zuciya ɗaya, amma ita ma ki rubuta ta a littafin don ki san abin da ya fita. Hoton da za ki ɗora a WhatsApp ki ɗauke shi da safe a bakin taga, a kan farin zane, ki rubuta farashin a ƙarƙashinsa tun kafin a tambaya. Kuɗin da ya shigo kuma ki ware na zare a gwangwaninsa daban kafin ki taɓa sauran, ko da adashi ne ya zagayo kanki a makon.