Yadda Mai Karɓar Diyyar Rauni Daga CNPS Zai Fita Waje Ba a Tsayar Masa da Kuɗi Ba

A Maruwa da Garwa, fita ƙasar waje ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Sai mutum ya karya kumallo a gida, dare ya yi masa a Mubi ko Yola. A Kusiri kuwa gada ce kawai tsakaninsa da Injamena. Wannan sauƙin ne ke sa ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ya manta cewa kuɗin da CNPS, asusun inshorar ma'aikata na Kamaru, ke ba shi, bisa doka mai lamba 77/11 ta 13 ga Yuli 1977, suna tafe da sharuɗɗa.

Da farko, ka san irin kuɗin da kake karɓa, don komai a kansa ya rataya. Akwai kuɗin jinya na kullum, wato kashi biyu cikin uku na albashinka na yini, da ake biya muddin likita ya ce ba za ka iya aiki ba. Akwai kuma wanda a ofis ake kira rente, da ake yanka wa mutum bayan rauni ya tsaya, idan nakasar ta kai kashi 20 cikin 100. Wanda tasa ba ta kai haka ba, dunƙule ake ba shi sau ɗaya, tafiyarsa kuma ba ta shafi kowa ba.

In kana kan kuɗin jinya, nan ne aikin yake. Je wurin likitan da ke duba ka, ka faɗa masa inda za ka da tsawon zaman da za ka yi, ya rubuta cewa tafiyar ba za ta ɓata jinyar ba. Daga nan ka rubuta wa shugaban ofishin CNPS da ke riƙe da fayil ɗinka takardar neman izini, da lambar rajistarka da lambar wayar da za a same ka. Ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a maido maka. Kada ka yarda da "je ka, ba komai" na baki, ko da ɗan unguwarku ne ya faɗa. Ran da likitan asusun ya kira ka dubawa aka ce kana Kano, wanda ya faɗa maka da baki ba zai tsaya maka ba. Ka sanar da mai gidan aikinka shi ma.

Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na ɗaya, zuwa asibiti ko wurin mai ɗori a Najeriya, sannan a dawo da rasit ana neman a biya. In ba a amince tun kafin ka tafi ba, ka ɗauka kuɗinka ka kashe. Na biyu, sana'a. Wanda aka rubuta cewa bayansa ba ya ɗaukar kaya, aka gan shi yana lodin buhuna a kasuwar Mubi, da hannunsa ya rushe hujjarsa.

Mai rente ya fi sakewa, amma kafin ya tashi ya tambayi ranar da za a sake duba nakasarsa, da lokacin kai takardar shaidar yana raye, certificat de vie. Rashin kai ta a kan kari yana tsayar da biya. Alhazan da ke tashi daga filin jirgin Garwa su auna kwanakinsu da waɗannan ranaku. Mai dogon zama ya tambaya ko za a karɓi takardar shaidar da ofishin jakadancin Kamaru ya sa wa hannu, a Abuja ko Injamena ko Jidda.

Sai hanyar karɓa. Ta banki ta fi kwanciyar hankali. In wakili za ka bari, a yi takardar wakilci a buga mata hatimin hukuma.

Komawa wata ƙasa da zama batu ne daban. Kamaru da Faransa suna da yarjejeniyar 1990 a kan irin waɗannan haƙƙoƙi, kuma Kamaru da Chadi da Nijar suna cikin CIPRES, ƙungiyar asusan inshorar ma'aikata, amma Najeriya ba ta ciki. Ɗan Najeriyar da ya yi aiki a Garwa yake son komawa gida, kada ya ɗaure kaya sai ya riƙe amsar CNPS a rubuce.