Mayukan Gyaran Fata da Askin Mara ga Mai Juna Biyu

Uwargida, da zarar hunturu ya kama a Gagarawa Tasha da kewayenta, fata takan bushe, ƙafa ta tsage. Ga mai ciki kuma akwai ƙarin baƙi-baƙi a kumatu da goshi, da layin da ke fitowa daga cibiya zuwa mara, da nankarwa. Wannan duk aikin sinadaran ciki ne da miƙewar fata. Baƙin yakan ragu bayan haihuwa, nankarwa ma takan dushe. Amma a nan ne mata da yawa suke aika a sayo musu mai ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ko a kemis a Gumel, saboda an rubuta "bitamin" a jikin kwalin.

Ba kowane bitamin ne ya dace da mai ciki ba. Wanda muka fi jin tsoro shi ne dangin bitamin A da ake sawa a mayukan ƙuraje da na gyaran fuska. Ki duba kwalin, ko ki ba wanda ya iya karatu ya duba miki. In kin ga Tretinoin, Retinol, Adapalene ko Tazarotene, ki ajiye shi har ki haihu. Ƙwayar Isotretinoin ta sha ita ce mafi haɗari, domin tana lalata zuciya da ƙwaƙwalwa da kunnen jariri tun a watannin farko. Na shafawa kaɗan ne yake shiga jini, amma ba mu yarda a gwada da ɗan da ke ciki ba. In kin riga kin shafa kafin ki san kina da ciki, kada ki tayar da hankalinki. Ki daina, ki zo awo da kwalin a hannu.

Mai bitamin C ko E ba shi da wannan matsala, sai dai ba ya hana nankarwa, komai tsadarsa. Man kaɗanya ko basilin bayan wanka ya ishe ki maganin bushewa. Mayukan bilicin kuwa, musamman haɗin da ake zubawa a roba ba suna, a bar su gaba ɗaya. Wasu na ɗauke da makuri, wanda ke ratsa mahaifa ya kai ga jariri.

Sai maganar aski. Mata da yawa sukan zo naƙuda sun aske mara da reza a daren, suna ganin mu ungozoma haka muke so. A da ana yi, amma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a buƙatar aske mace kafin haihuwa. Reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, balle in aka ƙare da tiyata. Ga shi ciki ya tsufa, ba kya ma ganin inda kike askewa. Don tsafta, ki rage gashin da almakashi mai tsabta. In an sa miki ranar tiyata, ki bar mana wurin, mu za mu rage in da buƙata.

Ƙurajen bayan aski kuma gashi ne mai nannaɗewa yake komawa cikin fata. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, a bi yadda gashin ya kwanta, kada a matse ƙurjin. Maigida mai fama da su a gemu ko ƙeya shi ma haka zai yi. In wuri ya kumbura ko ya tara mugunya, a zo asibiti.

Kada mutum biyu su yi amfani da reza ɗaya, domin ciwon hanta na B da ƙanjamau suna bin jini. Ranar suna ma, maigida ya sayi sabuwar reza, wanzami ya buɗe ta a gabanku kafin ya taɓa kan jariri.