Manomi Ya Zaɓi Uku, Ɗaya Ke Isowa

TAMBAYA: Na haɗa wa ƙungiyar manoman rani ta bakin tafkin Kalmalo fom ɗin rajista a intanet da PHP. Manomi kan zaɓi albasa, tumatir da tattasai, amma na ƙarshen kaɗai nake gani. Ina matsalar take? — Mai karatu daga Kalmalo, Illela.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, gyaran ba wuya. Burauza tana aika duka ukun da suna ɗaya, sai PHP ta riƙe na ƙarshe ta watsar da sauran.

Da farko, tabbatar akwai multiple a cikin select ɗinka, sannan ka mayar da sunan ya zama amfani[]. Wannan alamar ce ke sa PHP ta tara su a jere, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da foreach.

Na biyu, in manomi bai zaɓi komai ba, ba abin da zai iso. Duba da isset tukuna, ka nuna masa saƙo da Hausa.

Na uku, kada ka amince da duk abin da ya shigo. Gwada kowane zaɓi da jerin da ka tanada. Wajen adana su a rumbun bayanai kuma, kada ka cusa su a gurbi ɗaya da waƙafi. Ba wa kowane amfani layinsa, ranar ƙirga masu albasa za ka ji daɗi.

A kwamfuta galibi sai an danne Ctrl kafin a zaɓi da yawa, ba kowa ya san haka ba. In amfanin bai fi goma ba, sa akwatunan zaɓi (checkbox) kawai. Allah Ya ba da sa'a.