Darasi: Motar Igiya Ta Isa Unguwannin Talakawa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata daga birnin Medellin yake, a ƙasar Kolombiya ta Kudancin Amurka. Birnin yana cikin kwari, tuddai sun kewaye shi. Mutanen ƙauye da yaƙi da talauci suka koro sun gina gidajensu a gangaren tuddan, inda babu hanyar kirki. Jirgin ƙasa na birnin ya fara aiki a 1995, amma cikin kwari yake bi. Lebura daga unguwar Santo Domingo sai ya taka da ƙafa, ya biya bas, sa'an nan ya biya jirgi.

A 2004 aka buɗe Metrocable, wato ƙananan ɗakuna masu rataye a igiyar ƙarfe, suna sauko da mutane zuwa tashar jirgi ta Acevedo, tafiyar wajen kilomita 2. Tikiti ɗaya ya wadatar har cikin gari. A ganinmu wannan ne babban abu, gama mai wankau da magini sun sami rarar kuɗi, suna kuma isa gida da wuri.

Hukumar birnin ta gyara filaye kewaye da tashoshin, ta buɗe ɗakin karatu a 2007, ko da yake an rufe shi a 2015 saboda lalacewar gini. Kashe-kashe sun ragu, amma kada mu ce aikin igiya ne kaɗai.

Mu tattauna a rukuninmu: da an raba tikitin biyu, wa zai iya hawa?