Mari Antuwanet, Sarauniyar da Talakawan Faransa Suka Ƙi

A darasin tarihi mun saba jin labarin juyin juya halin Faransa na shekarar 1789, wanda ya rushe sarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru. A nan muna so mu dubi mace guda da guguwar ta yi gaba da ita, wato Sarauniya Mari Antuwanet. Tambayar da za mu riƙe ita ce: me ya sa jama'a suka ƙi ta haka? Cikin abubuwan da aka faɗa a kanta kuma, wanne ne gaskiya, wanne ne ƙage?

Amarya daga gidan tsofaffin abokan gaba

An haife ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ran 2 ga Nuwamba, 1755. Ita ce ta 15 cikin 'ya'yan Sarauniya Mariya Taresa. Ostiriya da Faransa sun daɗe suna gaba kafin su ƙulla ƙawance a 1756, don haka aka shirya aure domin ƙarfafa zumuncin. A 1770, tana da shekara 14, aka kai ta Faransa ta auri jikan sarki, yaro ɗan shekara 15. Da Sarki Luwi na 15 ya mutu da ciwon agana a 1774, mijinta ya hau gadon sarauta da sunan Luwi na 16, ita kuwa ta zama sarauniya tana da shekara 18.

Tun daga farko Faransawa da yawa ba su sake da ita ba. Suna kiranta "'yar Ostiriya", wato baƙuwa mai yi wa danginta aiki. Ga shi kuma ta yi shekara takwas ba ta haihu ba, sai a 1778 ta sami 'yarta ta fari. A tsawon shekarun nan masu tsegumi sun sami abin taunawa.

Laifinta na gaskiya

Sarauniya tana zaune a fadar Barsai, kimanin kilomita 20 daga birnin Paris. Ta ƙosa da al'adun fada, sai ta nemi nishaɗi a caca da raye-raye da tufafi masu tsada. Sarki ya ba ta wani ƙaramin gida a cikin lambun fada, daga 1783 kuma aka gina mata ƙauyen kwaikwayo kusa da shi, da bukkoki da shanu, inda take hutawa da 'yan ƙawayenta. Manyan fada da ba ta gayyata sun ji haushi. Talakawan da ke fama da haraji kuwa suka ga mai ƙoshi tana wasa da talaucinsu.

Da baitulmali ya kusa ƙarewa, aka laƙaba mata suna "Uwar Giɓi". To, almubazzaranci kam ta yi. Amma abin da ya karya ƙasar shi ne bashin yaƙe-yaƙe, musamman taimakon da Faransa ta ba Amurka daga 1778 a yaƙinta na neman 'yanci daga Ingila. A 1788 wajen rabin kuɗin da gwamnati ke kashewa biyan bashi yake tafiya. Manyan coci da masu sarauta kuma an ɗauke musu yawancin haraji, nauyin ya faɗa kan talaka.

Ƙage biyu

A 1785 wata mayaudariya mai suna Jan da Lamot ta ruɗi Kadinal Rohan cewa sarauniya tana son ya saya mata wata sarƙar lu'ulu'u a asirce, mai tsadar liba miliyan 1 da dubu 600, kuɗin Faransa na lokacin. Kadinal ya karɓo sarƙar ya miƙa, mayaudaran suka farfasa ta suka sayar. Sarauniya ba ta san komai a kai ba. Duk da haka, da kotu ta wanke kadinal a 1786, mutanen Paris sun yi murna, suka tabbata cewa ita ce mai laifin.

Haka nan maganar da ake jingina mata, wai da aka ce talakawa ba su da burodi sai ta ce su ci kek. Babu wata shaida cewa ta faɗi haka. Marubuci Ruso ya ba da irin wannan labari a kan wata gimbiya da bai ambaci sunanta ba, tun Mari Antuwanet tana yarinya a Biyana.

Me ya sa ƙaryar ta sami gindin zama? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jama'a ba su ganinta, ba ta jin kukansu, abin da suka sani game da ita kuwa ado ne da caca. Duk abin da aka ƙara a kai sai ya yi kama da gaskiya.

Guguwa ta taso

Amfanin gona ya lalace a 1788, burodi ya yi tsada. A Mayu 1789 sarki ya kira majalisar rukunonin ƙasa uku, ran 14 ga Yuli jama'a suka fasa kurkukun Bastil. A Oktoba dubban matan Paris suka taka har Barsai suna neman abinci, suka tilasta wa sarki da iyalinsa komawa birnin.

A nan ne sarauniya ta yi kuskuren da ya fi kowanne. An buɗe ƙofar sulhu, wato sarki ya yi mulki bisa tsarin mulki tare da majalisa, amma zuciyarta ba ta yarda ba. A Yuni 1791 iyalin suka gudu da dare cikin ɓad da kama, aka gane su aka tsare su a garin Baren, aka komo da su. Da yaƙi ya matso tsakanin Faransa da Ostiriya a 1792, ta aika wa 'yan Ostiriya labarin shirin sojan Faransa a asirce. Sunan da aka laƙaba mata tun tana amarya, yanzu ita da hannunta ta gaskata shi.

Ƙarshenta

Ran 10 ga Agusta, 1792 aka afka wa fadar da suke zaune, aka kulle su. A Satumba aka soke sarauta, ran 21 ga Janairu, 1793 aka fille kan sarki. A Yuli aka raba ta da ɗanta mai shekara takwas. A gaban kotu, cikin Oktoba, har zarginta aka yi da aikata abin kunya da ɗan cikinta. Ta juya ta kai kukanta ga iyaye mata da ke wurin, har waɗansu maƙiyanta suka ji tausayi. A wasiƙarta ta ƙarshe zuwa ga ƙanwar mijinta, ta ce tana mutuwa cikin bangaskiyar iyayenta, ta gafarta wa maƙiyanta, ta roƙi ɗanta kada ya nemi ramuwa. An fille kanta ran 16 ga Oktoba, 1793, tana da shekara 37. Yaron ya mutu a kurkuku a 1795.

Abin da za mu riƙe

Wanda aka ɗora bisa jama'a, ko da shugaban aji ne, idan ya nisanci na ƙasa da shi, ranar da za a yi masa ƙage ba zai sami mai tsaya masa ba. Mu kuma masu sauraro, wajibi ne mu auna labari kafin mu kai shi gaba, ko da a kan wanda ba mu so ne. Maganar kek ta fi shekara 200 tana yawo a bakin mutane, alhali matar ba ta faɗe ta ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Rarrabe laifofin sarauniya na gaskiya da waɗanda aka ƙaga mata.
2. Da ta karɓi tsarin mulki da zuciya ɗaya, kuna ganin da ta tsira? Kawo dalilai.