Daga Gaiwa Zuwa Doki: Ɗan Nazari a Kan Ginin Hannu da Ƙafa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta ya ji suna kiran ƙafar gaba ta rago ko ta sa da sunan hannu. Makiyayi kuwa ƙafa huɗu ya sani. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa mahauci ya fi kusa da gaskiya, sa'an nan a jawo hankalin ɗaliban Hausa ga wasu kalmominmu da kan iya ɓatar da mai karatu idan aka zo rubuta ilmin halittu da su.

Idan aka feɗe hannun mutum, da fiffiken jemage, da dagin kyanwa, da ƙafar ƙadangare, tsari guda za a tarar. Akwai ƙashi ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwa, sai biyu a jere, sai tarin ƙanana a wuyan hannu, sai na yatsu. Tun a 1555 wani Bafaranshe, Pierre Belon, ya zana ƙwarangwal ɗin mutum da na tsuntsu kafaɗa da kafaɗa, ya nuna kowane ƙashi da takwaransa. Charles Darwin ne, a littafinsa na 1859, ya ce dalilin wannan kama shi ne gado, watau dabbobi masu ƙashin baya da ke tafiya a tudu asalinsu ɗaya ne, kowane reshe ya sauya sannu a hankali bisa ga irin zaman da ya samu kansa.

A cikin ruwa masana ke neman wannan asali, kuma shaidarsu ƙasusuwa ne da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. A 2004 Neil Shubin da abokan aikinsa suka tono wata halitta a tsibirin Ellesmere, can arewacin Kanada, aka sa mata suna Tiktaalik. Ta rayu kimanin shekara miliyan 375 da suka wuce. Tana da ɓawo a jiki irin na kifi, amma a cikin fiffikenta na gaba ga ƙashi ɗaya, ga biyu, ga ƙanana, har tana iya dogarawa ta ɗaga ƙirji. Wata kuma, Acanthostega, wadda aka samu a Girinlan, yatsu takwas gare ta, alhali kuwa a ruwa take zaune. Ashe ke nan yatsa ya riga tafiyar tudu.

Ba sai mun je Kanada ba kafin mu ga dangin waɗannan halittu. Gaiwa, wadda manoman fadama kan haƙo daga busasshiyar laka da rani, tana shaƙar iska da huhu, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa a cikin kifayen da ke raye, ita da 'yan uwanta su ne mafi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu. A 2011 masu bincike a Jami'ar Cikago suka ga tana tura jikinta a ƙasan ruwa da siraran fikafikanta na baya, ɗaya bayan ɗaya, tamkar mai taku. Wannan ba ya nufin gaiwa ce kakar doki. 'Yar uwa ce da ta bi tata hanya. Maganar nan da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci ma ba ta rasa tushe ba, domin da tsokarta take rayuwa a watannin da take binne.

To, yaya ƙashi da tsoka ke aiki? Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa, shi ya sa kowace gaɓa ke da mai lanƙwasa ta da mai miƙe ta. Giovanni Borelli, mutumin Italiya, ya yi lissafin wannan a littafinsa da ya fara fita a 1680. Mu kuwa jigo ya ishe mu misali. Jigo yana da guntun ɓangare inda aka ɗaura nauyi, da dogon ɓangare inda guga yake. Idan guntun ya motsa taƙi ɗaya, dogon sai ya yi tafiyar taƙi da yawa. Tsinin ƙashin da ke bayan gwiwar hannu shi ne guntun ɓangare, kuma nan tsokar da ke miƙe hannu ta kama. Ita ma tsokar gaban damtse kusa da gwiwa ta kama, tazarar kamar santimita 5, alhali tafin hannu yana kamar santimita 35 daga gwiwar. Saboda haka mai riƙe da kaya na kilo 5, hannunsa a lanƙwashe, tsokarsa tana ja da ƙarfin da ya kai na kilo 35. A nan an yi asarar ƙarfi, amma an ci ribar sauri. Dabgi, da yake haƙa ce sana'arsa, ya ɗauki akasin wannan ciniki: ƙafa gajera, tsinin gwiwa dogo, ƙarfi mai yawa.

Doki shi ne ya kai cinikin sauri iyaka, kuma a kansa ne harshenmu ya fi yin tuntuɓe. Abin da muke kira gwiwar doki a ƙafar gaba, wuyan hannunsa ne. Gwiwar hannun tana can sama manne da ƙirji. A ƙafar baya, gaɓar da ke kallon baya idon sawu ce, tsininta kuma dunduniya, gwiwa ta gaskiya tana kusa da ciki. Daga nan zuwa ƙasa duk tafi ne da yatsa guda, na tsakiya, kofato kuwa farcensa. Kakan doki na farko, kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce, bai wuce girman kare ba, yana da yatsu huɗu a gaba, uku a baya. Ragowar biyu daga cikinsu na nan har yau, siraran ƙasusuwa manne a gefen dogon ƙashin ƙauri. Raƙumi ya tsaya a kan yatsu biyu, jimina ma haka, kuma ita ma abin da yara ke cewa gwiwarta ta juya baya, idon sawunta ne.

Mai cin farfesun ƙauri ya san ba tsoka a wurin, sai fata da agara. Dalili kuwa shi ne, an tattara naman a cinya da kafaɗa, aka bar ƙasan ƙafa da sauƙin nauyi domin a iya wurga ta da hanzari, dogayen agara su ne ke kai ja zuwa kofato. Bugu da ƙari, agara tana miƙewa kamar danƙo idan kofato ya taka ƙasa, sa'an nan ta koma ta mayar da mafi yawan ƙarfin da ta ajiye. Agarar dunduniyar mutum ma haka take yi yayin gudu. Amma wannan gini yana da tsada, gama siririn ƙashin da ba nama a kansa idan ya karye da wuya ya ɗoru, balle ga dabbar da ba ta iya daɗewa a kwance.

A nan ne nake da ƙorafi a kan kalmar jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da ita kuma sau da yawa muke kiran igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi. A fira ba laifi, amma ɗalibin da ya karanta cewa jijiyar doki tana ajiye ƙarfi, wacce zai ɗauka? A ganina ya kamata masu rubuta littattafan makaranta su keɓe agara ga igiyar tsoka ko'ina take a jiki, su riƙa cewa jijiyar jini ga ta biyu, ta ukun kuwa a ce jijiyar saƙo. Kafin a ƙirƙiro wata sabuwar kalma, ya dace a fara zama da mahauta da masu ɗori, a rubuta sunayen da suke ba kowane ƙashi da kowace gaɓa, gari da gari, domin na Sakkwato ba lalle ne su zo daidai da na Kano ba.