HALITTUN DA KE CINYE TSOHUWAR MOTA MAI ƊAKI

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗakin kwana a cikinta. Tana da gado da murhun girki da firji da tankin ruwa, wata ma har da makewayi. Iyali kan shige ta lokacin hutu su yi ta yawo, duk inda dare ya yi musu nan ne masauki. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da ƙananan bas-bas na Volkswagen zuwa irin wannan mota a 1951, shi kuma kamfanin Winnebago na jihar Ayowa a Amurka ya fito da tasa a 1966. Har yanzu akwai masu riƙe da waɗanda suka haura shekara 30 ko 40, suna gyara su suna hawa.

Abin lura shi ne, sau da yawa injin tsohuwar mota mai ɗaki yakan kasance lafiya lau, amma jikinta ya lalace. Dalili kuwa shi ne motar takan yi makonni kaɗan tana tafiya, sa'an nan ta shafe watanni a ajiye. A wannan zaman ne ƙananan halittu ke tarewa cikinta. Wannan darasi zai duba halittun ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowace ke bukata don ta rayu, domin wanda ya san bukatar halitta shi ne ya san yadda zai kore ta.

Yadda aka gina jikin motar

Bangon yawancin tsofaffin motocin nan hawa uku ne. Daga waje akwai fallen alminiyom, a tsakiya akwai firam na katako da aka cike da soso mai hana zafi da sanyi wucewa, daga ciki kuma akwai siririn fallen katako. Duk inda aka huda bangon don a sa taga ko ƙofa ko mashigar iska, akan toshe bakin da wani irin danƙo. Da daɗewa, hasken rana da jijjigar hanya sukan sa danƙon ya bushe ya tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwan sama ne ke fara shiga, sauran baƙin su biyo sawunsa.

Akwai kuma ruwan da ake haifarwa a cikin motar kanta. Mutum mai barci yakan fitar da tururin ruwa kimanin giram 40 a kowace awa ta numfashi da gumi. Ke nan mutum biyu a dare ɗaya za su fitar da fiye da rabin lita. Haka kuma idan aka ƙona kilo 1 na iskar gas ta girki, watau furofen, yakan ba da ruwa kimanin lita 1.6. Wannan tururi in ya taɓa bango mai sanyi sai ya koma raɓa, ya gangara inda ido ba ya gani.

Funfuna da ruɓewar katako

Funfuna tana cikin rukunin halittun da masana ke kira fungai, dangin naman kaza. Ba ta da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi, saboda haka dole ta ci abin da wata halitta ta riga ta gina. Ƙwayoyin irinta suna yawo cikin iska a ko'ina, kuma ba mai iya hana su shiga mota. Abin da suke jira kawai shi ne laima. Da sun same ta sai su fitar da zare-zare masu ratsa katako, su zuba masa sinadaran narkar da abinci, su tsotse abin da ya narke.

Katako ya ƙunshi manyan sinadarai biyu. Selulos shi ne zaren da ke ba shi ƙarfi, lignin kuma shi ne kamar sumuntin da ke riƙe zaren. Wasu fungai, kamar Coniophora puteana, selulos suke ci su bar lignin, sai katakon ya yi ja-ja ya farfashe gida-gida, har a iya murtsuke shi da yatsa. Wasu kuma har lignin suke narkarwa, sai ya yi fari ya yi laushi kamar tsumma. Ita kuwa baƙar funfunar da ke fitowa a kan labule da katifa ba ta cika raunana katako ba, amma ƙwayoyin irinta na iya tayar wa mai asma da ciwonsa.

Ma'aunin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne kashi 20 cikin ɗari. Muddin ruwan da ke cikin katako bai kai haka ba, fungai masu ruɓarwa ba sa iya aiki. Shi ya sa masu gyara ke amfani da na'urar auna laima, suna bin bango da ita, musamman ƙarƙashin tagogi da kusurwoyin rufi. Ƙasa da kashi 15 lafiya ce. Tsakanin 15 da 20 sai a sa ido. Abin da ya haura 20 kuwa alama ce ruwa na shiga. Ko ba na'ura, warin funfuna da tabon ruwa da ƙasan mota mai lotsawa in an taka duk shaida ne.

Gyaran yana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin zai yi aikin baban giwa. Da farko a gano inda ruwa ke shiga, a kankare tsohon danƙo gaba ɗaya, a sa sabo. Na biyu a buɗe bangon daga ciki, a yanke ruɓaɓɓen katako har a wuce cikin mai lafiya, domin zaren fungai yakan yi nisa fiye da inda ido ke gani. Na uku a bar wurin ya bushe sarai kafin a sa sabon katako a rufe. Shafa fenti a kan jiƙaƙƙen bango rufe tukunya ne a kan abin da ke ruɓa.

Tankin ruwa

Ruwan da ya daɗe a tanki da tiyo yakan sa wani santsi ya kama jikinsu. Wannan santsi gari ne na bakteriya, waɗanda suka lulluɓe kansu da yauƙin da ke kare su. Mafi haɗari a cikinsu ita ce Legionella. An san ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, inda wata cutar huhu ta kashe mutum 34, aka kuma gano ƙwayar a 1977. Tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyos, kuma takan shiga huhu ne idan aka shaƙi feshin ruwan, kamar wajen wanka da shawa. Zafin digiri 60 yana kashe ta. Saboda haka kafin a ajiye mota a tsiyaye ruwan duka, kafin a sake hawa kuma a wanke tankin da maganin kulorin, a ɗauraye, a kuma bar tukunyar ruwan zafi ta kai digiri 60.

Tankin man dizal

Zai yi wuya a zaci akwai mai rai a cikin mai, amma akwai. Idan tanki ya zauna rabi, iskar da ke samansa takan zubar da raɓa, ruwan ya nutse ƙasa tun da ya fi mai nauyi. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu ne wasu bakteriya da wani fungai mai suna Hormoconis resinae ke zama, suna sha daga ƙasa suna ci daga sama. Baƙar dagwalon da suke tarawa takan toshe filta, injin ya riƙa shaƙewa, tsamin da suke fitarwa kuma ya ci ƙarfen tanki. Dizal ɗin da ake sayarwa a Turai yakan ƙunshi man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari, wanda ya fi janyo ruwa. Maganin shi ne a cika tanki kafin ajiya, a tsiyaye ruwan da filta ta tara, a kuma canza ta a kan kari. Wannan darasi ya shafi duk mai janareta ko tarakta da ke zama a ajiye daga damina zuwa damina.

Ɓeraye

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro. Na babban ɓera sukan ƙaru da fiye da milimita 2 a mako, kuma gaigaya ɗabi'arsa ce. Ƙaramin ɓera kuwa yana iya kutsawa ta ramin da bai wuce faɗin fensir ba. In suka shiga sukan yi sheƙa da soson bango, su gaigaye rigar wayoyin lantarki, abin da kan jawo gobara. Kashinsu ma abin tsoro ne. A 1993 aka gano a kudu maso yammacin Amurka wata cutar huhu da bairos ɗin hanta ke haddasawa, wadda ake ɗauka ta shaƙar ƙurar kashi da fitsarin ɓeran daji. Sunan hanta a nan daga kogin Hantan na Koriya ya samo asali, ba shi da alaƙa da hantar ciki. Ka'idar tsaftacewa ita ce a buɗe ƙofofi na minti 30, a sa safar hannu, a jiƙa kashin da ruwan bilic, sa'an nan a goge. Kada a share shi a bushe. Wannan ka'ida tana da amfani a Nijeriya ma, inda ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969. Rigakafin shi ne a kwashe duk abinci, a toshe ramuka da ragar ƙarfe.

Zanzaro da gizo-gizo

Firji da tukunyar ruwan zafi na irin wannan mota da gas suke aiki, kuma suna da siraran bututu masu buɗewa waje. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a ciki, gizo-gizo ya yi saƙa. In iska ba ta isa wutar ba, sai harshenta ya tashi daga shuɗi ya koma rawaya, ta riƙa fitar da iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Mai barci a rufaffiyar mota zai iya wucewa bai farka ba. Don haka a duba bututun kowace shekara, a sa na'urar gargaɗi, kada a toshe mashigar iska, a kuma bar gyaran gas ga wanda ya ƙware.

Kammalawa

Kowace halitta tana bukatar abinci da mafaka da ruwa. Ba yadda za a yi a raba mota mai ɗaki da katako ko mai, tun da da su aka gina ta, da su take tafiya. Abin da ke hannun mai ita shi ne ruwa da ƙofar shiga. Wanda ya duba danƙon rufi sau biyu a shekara, ya tsiyaye tankin ruwa, ya cika na mai, ya toshe ramuka, ya bar iska na ratsawa, ya yi mafi yawan aikin tun kafin ya kira bakanike.

Aikin aji

1. A ɗauki yankan burodi biyu, a busar da ɗaya a rana, a yayyafa wa ɗayan ruwa. A ƙulle kowane a ledarsa, a duba su kullum har kwana 7 ba tare da an buɗe ba. Wane ne ya fara funfuna, kuma don me?
2. Giram 44 na furofen yana ba da giram 72 na ruwa. Nawa ne ruwan da tukunyar gas mai kilo 6 za ta bayar?
3. Me ya sa cikakken tankin dizal ya fi wanda ke rabi aminci?
4. A kawo wurare uku a gida ko makaranta inda laima ke ba halittu damar yin ɓarna.